Shekarar da Muka Ɗora Injin Niƙa a Kan Tarakta

Akwai magana biyu da ke yawo a kan 'yar taraktar nan tamu ta Ambursa, kuma babu ta gaskiya a cikinsu. Ta farko daga bakinku take fitowa, ku 'ya'yana. Na sha jin kuna gaya wa baƙi cewa Baba ne ya haɗa ta da hannunsa, har ɗayanku ya ɗauki hotona a gefenta ya baza a waya. Ta biyu kuwa daga wasu dangin mahaifiyarku na Argungu ta fito, wai na ƙwace wa 'yarsu gadon ubanta na kai gona. Na yi shiru shekaru, don ta farkon tana mini daɗi, ta biyun kuma ina ganin amsa ta zubar da girma ne. Yanzu da ido ya fara rauni, gara in rubuta yadda abin ya kasance tun ina iya ganin layin takarda.

Kun dai san ni ba bakanike ba ne. Aikin da na yi har na yi ritaya shi ne tsaron sito a wani ofishin gwamnati a nan Birnin Kebbi. Na iya ƙirga kwali, na iya kulle ƙofa, amma ko sarƙar keke ta zame sai na nemi mai gyara. Abin da ya haɗa ni da inji shi ne fadamar da mahaifinmu ya bar mana a Ambursa, ni da yayana Bawa, wanda kuke kira Baffa. Ba mu taɓa raba ta ba. Shi ke zaune a can yana noma ta, ni ina zuwa ranar Asabar a kan babur in taya da abin da ya sawwaƙa. Da ƙafafunsa suka fara ciwo, ni kuma na bar aiki, sai noman ya dawo wuyana. A lokacin ne na sayi taraktar daga hannun wani tsohon malamin gona. Ƙarama ce, mai ƙafa biyu, irin wadda mutum ke bi a baya yana riƙe da ƙahonninta, injinta na fetur. Ta yi mana shekara huɗu tana aiki, tana shan mai kamar raƙumi ya samu rijiya.

A shekarar da nake ba ku labari, gulbi ya cika ya tumbatsa ana saura 'yan makonni a yanke shinkafar damina. Na tsaya a kan tudu ina kallon ruwa ya shafe gonar, ko kan zangarniya ɗaya ba a gani. Gida biyu ke ci daga wannan fili, nawa da na Yaya Bawa, kuma a shekarar ko buhu ɗaya ba mu shigar ba. Saboda haka duk fatanmu ya koma kan noman rani. Ruwa na janyewa muka yafa iri a wurin raino, ya fito kore shar, gwanin kyau. Shi irin shinkafa yana da kwanakinsa. In ya kai lokacin dashe ba a cire shi ba, sai ya tsufa a tsaye, ko an dasa shi daga baya ba ya yin 'ya'ya yadda ya kamata. Ranar da na fara huɗa lafiya lau. Washegari da hantsi sai na ji wata ƙara a cikin injin kamar an jefa tsakuwa a tukunya, hayaƙi fari ya turnuƙe, taraktar ta tsaya cak. Bakaniken da na kai wa a cikin gari ya buɗe, ya leƙa, ya mayar da murfin ko ɗaurewa bai yi ba. Ya ce injin ya buga, ba gyara, sai dai sabo. Sabo kuwa ya fi ƙarfina. Na zaga wajen masu ba da hayar tarakta, kowa ya ce in dawo bayan wata guda, don duk kwarin nan ambaliya ta ci kowa, kowa kuma rani ya sa a gaba. 'Yan ƙwadago ma kowa na cikin tasa gonar.

Ana cikin haka Yaya Bawa ya aiko in zo. Na same shi a ƙofar gida ya miƙe ƙafafu a kan tabarma. Bayan mun gaisa ya ce wani mai hali daga birni, wanda ke tara fadamun mutane yana noma su gaba ɗaya, ya zo yana son a ba shi tamu haya shekara biyar.

"Yaya, hilin da anka ba mutumen ga, wane ne ya dawo hannun mai shi?" na tambaye shi.

"Na sani, Garba," ya ce. "Amma ɗiya ba su cin hili, tuwo suka ci. Kai kana da fansho, ko babu yawa. Ni mi gare ni?"

Gaskiya ya faɗa. Kada ku taɓa ɗauka Baffanku mugunta ya yi nufi. Mutum ne mai iyali goma sha, ga ciwo, ga rumbu wayam. Na roƙe shi ya ba ni lokaci. Ya murza gwiwa, sannan ya ce ya ba ni Juma'a biyu. In Juma'a ta biyu ta zo ba a huɗe gonar ba, zai sa hannu, ni ma in sa.

To, a nan mahaifiyarku Kulu ta shigo. Manyanku sun tashi da ƙarar injin niƙanta a kunne, ƙananan kuwa sai dai labari. Mahaifin Kulu mai injinan niƙa ne a Argungu, da ya rasu aka raba gado, rabonta ya faɗa kan ƙaramin cikinsu, wani kore mai shan gas, da tukunyar ruwa a kansa, ana tayar da shi da hannu. 'Yan'uwanta sun ɗauka sayarwa za ta yi. Sai ta sa aka kawo shi nan, aka kafa shi a ɗakin da ke jikin zaure, aka fasa ƙofa ta cikin gida. Shekara goma sha takwas tana aiki da shi. Da kanta take murza hannun tayarwar, da kanta take canza baƙin mai, ba ta yarda kowa ya taɓa mata shi. Daga hantsi zuwa la'asar gidan nan cike yake da mata da ƙwarya da roba, wannan gero, wannan masara, wannan wake na ƙosai. A nan ake jin wa ta haihu, wa ya dawo daga tafiya, wa aka sa wa rana. Unguwar nan in ka ce gidan Malam Garba sai a tsaya tunani, in ka ce gidan Kulu mai inji ko makaho zai kai ka.

Ba zan ɓoye muku ba, tunanin injin nan ya zo mini. Na taɓa ganin wani a hanyar Jega ya ɗora irinsa a kan amalanke yana jan kaya. Kwana uku ina wucewa ta ƙofar ɗakin ina satar kallonsa. A rana ta uku, da ta shiga yin sallar azahar, har na shiga da igiya na auna tsawonsa da faɗinsa, na fito ina jin kamar na yi sata. Amma bakina ya kasa buɗewa. Da wane ido zan ce wa mace ta ba ni abin da ubanta ya bar mata, sana'arta, don in gwada wani abin da ban san ko zai yiwu ba?

Bayan la'asar matan sun watse, ta kawo mini fura ta ajiye, ba ta tafi ba. Ta zauna a bakin tabarma, gari fari fat a girarta.

"Malam, igiyar da ka auna shi da ita, ta kai ko ba ta kai ba?"

Na ƙware da furar. Na fara kame-kame, ta ɗaga hannu.

"Kwana ukku kana kallon injina kamar kura ta ga akuya ɗaure. In kana so, ka hwaɗi."

"Kulu, gadonki na. Ba ni iya roƙon ki shi. Kuma ko na ɗauka, ban san ko shina yi ba. Ana iya lalata shi a banza, a yi biyu babu."

"Baba ya bar mani shi don in ci abinci, ba don in yi ado da shi ba," ta ce. "In hilin ga ya tahi, mi za mu riƙa niƙawa a gidan ga? Hatsin mutane kaɗai?"

Na ce ta kwana da maganar tukuna. Ta ce ta riga ta kwana da ita uku, tun ranar da na fara leƙe. Sharaɗi ɗaya ta kafa: kada in kai shi wajen kowa sai Malam Arzika na Argungu, wanda ya yi wa mahaifinta gyaran injina tun yana saurayi. Washegari da safe ta niƙa wa duk wadda ta zo, ta gaya musu daga yau an rufe. Da kanta ta kwance notunan da suka riƙe shi a siminti, ta goge shi tas da tsumma, sannan ta shige ɗaki kafin masu ɗauka su shigo. Ba ta fito ba har motar ta tashi.

Garejin Malam Arzika wata rumfar kwano ce a kusa da gulbi, cike da injinan jirgin ruwa da na casar shinkafa. Tsoho ne siriri, ba ya son yawan magana. Da aka sauke taraktar bai ko ɗaga kai ba. Da aka sauke injin sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya zo ya shafa tukunyar ruwan, ya nuna wani tabon walda a gefenta.

"Ni na yi wanga ɗinkin, shekara talatin. Wanga injin marigayi na, wanda anka ba Kulu. Mi ya kawo shi hannunka?"

Na yi masa bayani. Ya saurara har na gama, sannan ya ce ba zai sa masa sifana ba sai ya ji daga bakinta. Raina ya ɗan ɓaci, amma na kira ta na miƙa masa wayar. Ban ji abin da ta ce ba. Na dai ga ya yi ta gyaɗa kai yana cewa, "To, ɗiyata. To. Allah shi yi albarka." Da ya miƙo mini wayar sai ya ce in tuɓe babbar riga, don ba shi da mai riƙe masa ƙarfe sai ni.

Kwana biyar na yi a Argungu, ina kwana gidan wani abokina, kullum da sassafe ina rumfar. A nan na gane cewa cire inji a sa wani ba kamar canza wa jaki mangala ba ne. Ramukan notin tsohon injin daban, na wannan daban, sai da Malam Arzika ya yanko faranti na ƙarfe mai kauri daga wata mushen mota, ya huda shi, ya yi masa walda a jikin taraktar. Ya yanka tsohuwar taya ya shimfiɗa a ƙarƙashi, ya ce injin gas jijjiga gare shi, in ba a sa masa matashi ba sai ya karya duk notin da aka ɗaura. Ni aikina riƙe wannan, miƙo wancan, da zuwa kasuwa neman bel. A rana ta biyu ya ce in tayar. Na kama hannun na murza yadda na ga Kulu na yi, ashe akwai yadda ake riƙe shi, ba a zagaya babban yatsa. Injin ya yi tari ya mayar da hannun baya da ƙarfi, ya buge ni. Wannan yatsan nawa na dama da kuke gani ba ya lanƙwashewa, ranar ya samo asali. Malam Arzika ya ɗaure mini shi da tsumma, ya ce matata shekara goma sha takwas tana yi bai taɓa jin ta ji ciwo ba.

A rana ta uku muka gwada ta a filin da ke gaban rumfar. Ta tashi, ta yi ta bugawa daram-daram, na sa giya, sai ga ta tana tafiya kamar hawainiya. Wani mai tallan rake ya wuce ni a ƙafa yana waiwaye. Masunta da ke gyaran koma a gindin bishiya suka kwashe da dariya, ɗaya ya ce in na fara huɗa yau, in sha Allahu jikokina za su ƙarasa. Na ji kamar in nutse. Malam Arzika ko a jikinsa. Ya tsuguna ya zana da'ira biyu a ƙasa da tsinke, ƙarama da babba. Ya ce injin fetur kamar ɗan tsere ne, gudu gare shi ba ƙarfi, na gas kuwa kamar sa ne, ƙarfi gare shi ba gudu. Faifan da bel ke hawa a jikin injin, wanda suke kira fuli, shi ne ya yi ƙanƙanta. In aka sa babba, juyi ɗaya zai ja bel mai tsawo, tafiya ta daidaita. Muka yi wuni guda muna tonon tarin ƙarafa a bayan rumfunan makanikai kafin mu samu wanda ya dace a jikin wani mataccen injin casa, aka kai wa mai sassaƙar ƙarfe ya faɗaɗa raminsa. Da aka sa, tafiya ta yi daidai, sai kuma wata matsalar ta fito: injin ya fi tsohon nauyi nesa ba kusa ba, gaban taraktar na ta dungurawa ƙasa, ƙahonnin na ɗaga ni sama. Aka sake kwancewa, aka ja shi baya kamar tafin hannu, aka rataya wani guntun ƙarfe mai nauyi a wajen ƙahonnin. Ranar Laraba da yamma Malam Arzika ya zagaya filin da ita sau biyu, ya kashe, ya ce in kwashe kayana.

Ranar Alhamis, ana gobe wa'adin Yaya Bawa zai cika, muka sauke ta a bakin fadama. Labari ya riga mu isa. Mutanen Ambursa sun taru kamar ana rabon taki, kowa na son ganin injin niƙa zai yi huɗa. Yaya Bawa ma an kawo shi a kan babur, aka ajiye masa kujera a inuwar wata giginya. Na zuba ruwa a tukunya, na duba mai, na yi bisimilla na murza. Bugu ɗaya ta tashi. Na sa giya, haƙoran huɗarta suka kama ƙasa, baƙar laka ta fara juyewa a bayana kamar ana tuƙa tuwo. Na ji mutane na kabbara. Na kai ƙarshen fangali na farko, na juyo, na gangara wani ɗan kwari da ke tsakiyar gonar, sai injin ya yi tari sau uku ya mutu.

Na murza, shiru. Na sake, shiru. Maza huɗu suka karɓe ni ɗaya bayan ɗaya har kowa ya jiƙe da gumi. Masu ba da shawara suka yi yawa, wannan ya ce a zuba fetur kaɗan, wancan ya ce ai dama injin da ya saba da inuwa ba ya aiki a rana. Na kira Malam Arzika ya fi sau goma, ashe ya shiga jirgi ya haye gulbi gyaran wani inji, wayar ba ta shiga. Rana ta take, taron ya fara raguwa. Yaya Bawa ya sa aka kira ni.

"Garba, ya isa haka nan. Ka yi iyakar ƙoƙarinka, kowa ya gani. Kada ka kashe kanka."

Da ya yi mini faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Na koma gefe na kira Kulu. Ba don neman taimako na kira ta ba, kada in yi ƙarya. Na kira ne in gaya mata da bakina cewa na raba ta da injinta a banza, kafin ta ji a bakin wani. Ko bari in gama ba ta yi ba.

"Tsaya, Malam. Da za shi mutuwa, tari ya yi ko shiru ya yi lokaci guda?"

"Tari ya yi. Sau ukku."

"Gangare kaka yi ko hawa?"

"Gangare."

"Tankin cike yake?"

"Rabi na zuba."

"Kai wayar kusa da shi, ka sa a murza in ji."

Na buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji, na kara ta a jikin injin, wani ya murza. Ta ce a sake. Aka sake. Sai muka ji ta yi 'yar dariya.

"Lahiya tai lau. Iska ya sha. A ɗakina a zaune yake daram, ko mai ya yi ƙasa ba ruwanshi. Can kuwa kun tuntsura shi, man ya gudu gefe guda, ya zuƙi iska. Haka yaka yi mani in na bari mai ya ƙare. Ku cika tankin har baki. Akwai wani ɗan noti a inda bututun mai ya shiga famfo, wanda kanshi ya ɗan lotse. Ka gan shi?"

Na ce na gani.

"Sassauta shi kaɗan, kada ka cire. Za ka ga kumfa na hitowa. Ka bari sai kumfar ta ƙare, mai zalla ya biyo, sannan ka ɗaure."

Maza sun fi ashirin a tsaye, dattawa da masu gemu, ba mai ko tari, muryar mahaifiyarku kaɗai ke tashi a fadamar nan. Na tsuguna a laka da yatsana ɗaure, na sassauta notin. Kumfa ta fito tana tsiyaya kamar bakin ɗan maraƙi, ta yi ta fita, sannan mai ya biyo. Na ɗaure. Na kama hannun da kaina. A murzawa ta biyu ya amsa, ya yi baƙin hayaƙi guda, ya daidaita. Ihun da aka yi har tsuntsayen da ke cikin ciyawa suka tashi. Na ɗauki wayar ina cewa, "Kin ji? Kin ji shi?" Ta ce ta ji, in rage masa wuta kaɗan, kuma in riƙa duba ruwan tukunya duk bayan fangali uku.

Ban tsaya ba sai da aka kira magariba. Ranar Juma'a na yi huɗa har lokacin masallaci, na dawo na ci gaba. Da muka fito daga masallaci mutumin birnin nan ya aiko a ji amsa, Yaya Bawa ya ce a gaya masa a yi haƙuri, masu fili suna ciki. Ranar Lahadi aka sako ruwa, Litinin mata da maza na gida biyu suka shiga dashe, irin bai kai ga tsufa ba. Man da tsohon injin ke shanyewa kafin azahar, wannan sai ya kai ni yamma da shi. Da na gama tamu, maƙwabtan da suka rasa tarakta suka yi layi, na huɗe wa mutum bakwai kafin lokaci ya ƙure. Shinkafar da muka yanka a ranin nan, tun rasuwar mahaifinmu ba mu ga irinta ba.

Amma ku san abin da aka biya. Gidan nan ya yi tsit. Matan da ke cika tsakar gida suka koma wani injin a bakin titi, da farko suna leƙowa gaisuwa, daga baya ƙafa ta ɗauke. Ranar da Kulu ta fara aika geronta niƙa waje, da aka dawo da garin ta murza shi a yatsa, ta ce bai yi laushi ba. Sau da yawa nakan dawo in tarar ta share ɗakin injin, alhali ba abin da ke ciki sai ƙusoshi huɗu a tsaye cikin siminti. Ga kuma maganar danginta, wadda ta kai har wata gwaggonta ta daina amsa gaisuwata a wajen biki. Bayan girbi na ce zan saya mata wani injin. Ta ce in bari. Masu niƙa sun saba da wani wuri, kafaɗarta kuma da ta huta ta gane ashe ciwo take yi tuntuni. Sana'ar shekara goma sha takwas ta tafi ke nan, ba ta dawo ba.

Abu ɗaya ta nema. Da rani ya zagayo za a fara huɗa, ta ce in kai ta ta gani da idonta, don har lokacin ba ta taɓa ganin taraktar tana aiki ba. Na ɗauki hayar keke mai ƙafa uku muka tafi da safe. Yaya Bawa na nan a gindin giginyarsa. Kun san tsakanin mace da yayan mijinta akwai kunya, tun da aka kawo ta gidanmu ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. Ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi, ta koma gefe ta tsaya tana kallo na yi zuwa biyu. A na uku ta yafito ni da hannu.

"Ba ni in riƙa."

Na ce tana da ja, ga laka. Ta ce ita da injin nan sun san juna tun ban san inda ake zuba masa ruwa ba. Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta kama ƙahonnin, na sa mata giya. Taraktar ta fizge ta, ta yi taga-taga, ta gyara tsayuwa, sai ga ta tana bin ta, layin ya ɗan karkace amma tana tafe, tana dariya irin wadda rabona da ji tun tana amarya. Masu aiki a gonakin kusa duk suka miƙe tsaye. A tsakiyar fangalin laka ta cafke takalminta ɗaya, ba ta ko waiwaya ba, ta ƙarasa har ƙarshe da ƙafa ɗaya ba takalmi.

Ina can ina kashe injin, ban lura ba. Da na juyo sai na ga Yaya Bawa ya tashi daga kujerarsa, yana dogara sanda, ya shiga lakar nan da ƙafafunsa masu ciwo. Ya sunkuya ya zaro takalmin, ya taka har bakin magudanar ruwa, ya wanke shi ciki da waje. Kulu ta rufe fuska da mayafi tana cewa, "Subhanallahi, Yaya, don Allah bari, bari in ɗauka." Bai saurare ta ba. Ya kawo shi har gabanta, ya ajiye a kan busasshiyar ƙasa, ya juya mata shi yadda za ta sa ƙafa.

"Sa abinki, Kulu," ya ce. "Kuma gobe in kin samu hili ki dawo. Layinki ya hi na Garba miƙewa."